Gwaggo Ta Ce Kada a Yanka Mata Komai

Na Allah muke, wurinSa za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu isa. Ta cika da hantsin wata Laraba a ɗakinta da ke gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, da damina, 'yan shekaru bayan sojoji sun tattara sun koma bariki. Yayar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu ni da Yayana bayan iyayenmu sun rasu. Shekarunta ba wanda ya sani. Ni dai nakan ce ta girmi dutsen Dala da 'yan watanni, ita kuma takan ce in ji tsoron Allah, tare aka haife su.

Na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa har gwiwoyina suka daina jin maganata, na kuma saurari abin da mutane ke faɗa. Kowa da "Allah ya jiƙanta" yake farawa, amma kusan kowa a kan abu ɗaya yake sauka. Wani dattijo daga Babban Giji ya riƙe hannuna ya girgiza kai ya ce, "Baiwar Allah, ta zo duniya ta koma ba ta ci daɗinta ba." A cikin gida kuma, in ji mai ɗakina, an shigo da wata tsohuwa ana riƙe da ita ta kowane gefe, tsohuwar da Gwaggo ta goya tana jaririya. Ta tambayi abin da ya yi ajalinta, kafin a ba ta amsa ta ba kanta: "Rashin nama ne. Ni dama na sha gaya mata ba za ta yi nisa ba."

Mai kayan miyan da take ciniki a wurinsa a Kasuwar Tarauni ya zo da ɗaurin alayyafo ya ajiye a ƙofar gida, ya tsuguna yana share hawaye da hularsa. Ya ce ya ware mata nata kamar kullum, sai da ya gama ɗaurewa sannan ya tuna. Mai tsiren bakin titinmu, wanda cikina ne ya gina masa rabin gidansa, ya ce bai taɓa ganin wanda ya ƙi sana'arsa ya kuma fi kowa gaishe shi ba sai ita.

Gwaggo ta fi shekara arba'in ba ta kai nama bakinta ba. Wannan kowa ya sani. Abin da masu gaisuwa ba su sani ba, ta bar wasiyya cewa kada a yanka komai a sadakarta. Ni kaɗai ta faɗa wa. Ni kuwa tela ne, kuma a duk danginmu, in na ce rana ta fito sai an leƙa waje an duba.

Gidanmu gidan fawa ne. Kakanmu mahauci, mahaifinmu mahauci, mijin Gwaggo ma a kwata ya tsufa. A gidanmu yaro kan fara tsotsar ganda kafin ya yi haƙori, miya kuwa sai ka ture tsoka gefe kafin ka ga ruwanta. Gwaggo da wankin kayan ciki ta tashi. Ita ta yi jinyar mijinta da ɓarin jikinsa ya shanye, ta binne shi, ta juyo ta yi jinyar mahaifinmu da ciwo iri ɗaya. Da aka bar mata marayu biyu, ga gwiwoyinta sun kumbura kamar kabewa, sai ta nemi aikin girki a gidan wani malamin makaranta Ba'indiye a Tarauni. Gidan nan ko ƙashi ba ya shiga. A can take wuni, abin da ta dafa musu shi take ci. Ba a rufa shekara ba ta ga tana iya durƙusawa ta yi sallah ba tare da ta dafa bango ba. Ba ta yi shela ba, ba ta yi wa kowa wa'azi ba. 'Yan uwa na kwata suka ci gaba da aiko mana da nama, ita kuma ta ci gaba da juye shi kaf a kwanonmu.

Takan ce da ni, don Auta take kirana har na yi furfura, "Auta, masu barin nama iri-iri ne. Akwai mai barin na ƙafa huɗu ya riƙe kaza, wannan kansa yake yaudara. Akwai mai barin duk abin da aka sa wa wuƙa amma ya ci kifi. Akwai irina, in sha nono, in ci ƙwai, in sa man shanu a tuwo. Uwar ɗakina ko ƙwai ba ta ci. Surukarta kuwa har albasa da tafarnuwa ta ɗaura wa gaba, ni dai ban ga abin da albasa ta yi mata ba." Ta ce akwai ma waɗanda ba sa taɓa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har zuma. Ta gwada shiga sahunsu sau ɗaya, jiri ya kwashe ta a bakin famfo, likita ya yi mata faɗa ya rubuta mata maganin ƙarin jini, ya ce ta koma wa nononta da ƙwanta. Ta koma, ba ta yi gardama ba. Daga ranar duk wanda ya ce zai bi ta, abin da take fara gaya masa ke nan: kada ya zauna kan tuwo da ruwan kuka ya ce ya bar nama, ya nemi wake da gyaɗa da riɗi da nono, in ba haka ba yunwa kawai yake yi da sabon suna.

"Sai kuma iri na ƙarshe," in ji ta, "mutanen unguwar nan, da suka bar nama don shi ya fara barinsu."

Wannan a zamanin soja ke nan, lokacin da layin mai ya fi layin masallacin Juma'a tsawo, magidanci kan wuce teburin mahauci yana kallon sama kamar yana duban wata. A shekarun nan ne tsakar gidanmu ta zama makaranta. Gwaggo na da zogale a bakin ɗakinta, da rama da yakuwa a gindin katanga, da lalo da ya fito don kansa ta ce a bar shi, baƙo ne. Matan ma'aikata da a da ba sa gaishe ta sosai suka fara shigowa da mayafi a baki suna tambayar yadda ake miya ta yi daɗi babu tsoka. Takan ce daddawa mai kyau, da ƙuli-ƙuli, da haƙurin barin albasa ta soyu.

Akwai matar wani ɗan acaɓa da suka zo daga ƙauye suka kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. Yarinyar nan ganyen tafasa take dafawa ta rufe ƙofa, don matan gidan hayar sun ce abincin fari ne. Gwaggo ta jiyo ƙanshin ta kan katanga, ta ɗauki kwanonta ta zagaya ta buga ƙofa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "'Yar nan, ke ce kike irin wannan girki ki ɓoye? Sammin don Allah, rabona da tafasa mai kyau tun ina da miji." Ta zauna a bakin ƙofar ta cinye a gaban kowa, ta suɗe hannu. Daga baya ta koya mata yin awara da waken suya. Yau duk mai bin titinmu da la'asar ya san kaskon matar nan.

Da Limamin unguwarmu kuwa sau ɗaya suka yi, ba su ƙara ba. Ya tare ta a zaure ya ce, "Gwaggo, abin da Allah ya halatta bai kamata bawa ya guje shi ba."

Ta ce, "Malam, kana cin gauta?"

Ya ce, "A'a, ɗacinsa ya yi min yawa."

Ta ce, "Ashe ka haramta gauta ba mu da labari."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Kuma gaskiyarta, ba ta taɓa cewa haramun ba ne. Duk shekara sai ta yi layyarta, ita ke suyar naman gidan gaba ɗaya, da hanci take gane gishiri ya ji, ta raba wa maƙwabta, ta wanke hannu ta koma ta kwaɗa ramarta.

Ba na cewa ganye ne ya ba ta tsawon rai, kwana na Allah ne. Abin da idona ya gani kawai nake faɗa. Har shekarar da ta rasu da haƙoranta take tauna aya. Daga Gyaɗi-Gyaɗi take takowa da ƙafa har shagona a Unguwa Uku, ta same ni ina haki don na tashi na ɗauko almakashi. Na taɓa raka ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta auna jininta, ta ce tunda na zo ni ma in miƙo hannu. Ta duba nata, ta duba nawa, ta ɗago ta ce, "Wai a cikinku wa ya kawo wani?" Daga ranar nake shan ƙwayar hawan jini. Gwaggo kuwa ta dawo gida tana ba kowa labari, kuma karo na farko a gidanmu aka ba da labarin da nake ciki ba a ƙara masa gishiri ba, don ba ni na bayar ba.

Rigima ta zo ne da farar hula. Yayana ya shiga siyasa tun ana yi mata kallon wasa, da aka rantsar da mutanensu sai ƙofofi suka buɗe masa. Ya koma Hotoro, ya sayi mota mai sanyi, cinyar naman sa ta fara zuwa gidanmu a bayan mota. Sai ku fahimci Yaya kafin ku zarge shi. Shi tun yana yaro abin da ya gani shi ne Gwaggo tana juye nama a kwanonmu ita tana cin ganye. A ransa ya rubuta cewa don mu ƙoshi ta haƙura, maganar lafiya da gwiwa duk kawaici ne irin na iyaye. Matarsa Hajiya ma haka ta ɗauka, kuma mace ce mai kirki. Sai ta yi abin da ake yi wa babban da ake jin kunya: ta aiko da tuwo da miyar taushe, ta binne tsoka a can ƙarƙashin malmala inda ba mai gani, don tsohuwa ta ci a ɓoye mutuncinta bai taɓu ba. Gwaggo ta sa hannu ta ji abu, ta rufe kwano ta miƙo min. Ban yi mata musu ba.

Da aka gaya wa Hajiya, sai ta zo da kanta da wata miyar. "Gwaggo, wannan babu ko ɗigo. Da shi na dafa don ɗanɗano, amma na tsame shi tas."

Gwaggo ta ce, "'Yata, in kika yi wanka a baho kika fita, sai ki miƙo min ruwan in sha?"

Ranar Yaya ya zo da kansa, ya zube a gabanta da babbar rigarsa. "Gwaggo, wahala ta ƙare. Yanzu muna da shi. Mutane na cewa uwar wane rama take ci, ina zan sa kaina?"

Ba ta kiran sunansa, don shi ne kamar ɗan farinta. Ta ce, "Babba, wa ya gaya maka wahala nake sha?"

"Na gani da idona."

"Ka gani, amma ba ka tambaya ba."

Ya tashi ransa a ɓace, ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci. Ita kuma duk mako sai ta shanya zogale ta ƙulle ta aika masa Hotoro, ta ce a gaya masa ya rage kitse, wuyansa ya fara ninkewa irin na ubansa.

Wata la'asar, ba a daɗe ba kafin ta kwanta ciwon da bai kai mako ba, na shigo na same ta tana tsige zogale a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, in na tafi kada a yanka min komai. Ba don laifi ba ne. Na je gidajen makoki na ga masu hidima suna faɗa a kan ƙashi, ba mai tuna wanda aka taru dominsa. Ku ciyar da mutane abin da na ci na rayu. Wanda bai ƙoshi ba ya ƙarasa a gidansa."

Na ce, "Gwaggo, ki faɗa wa Yaya mana."

"Zai yi kuka, in ji nauyinsa in janye."

"To Liman."

"Kai ne ka shigo."

"Wallahi ba wanda zai yarda da ni."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To ka ga lokaci ya yi da za ka san abin da bakinka ya jawo maka."

Sadakar uku da ta bakwai sun wuce lafiya, don gumba da waina da ƙosai aka raba kamar yadda aka saba, ba wanda ya nemi wuƙa. Arba'in Yaya ya ɗaura wa niyya. Ya ce manyansa na siyasa za su zo, za a kafa rumfa a tare titi. Bayan bakwai da kwana kaɗan sai ga mota ta sauke wani farin bijimi a ƙofar gida, mai tozo kamar tulun Gwaggo na ruwa, da ƙahon da sai da aka karkata shi kafin ya shige zaure. Aka ɗaure shi a tsakar gida.

Na tara su a zaure, Yaya da Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, da sauran maza, na faɗi wasiyyar kamar yadda na ji ta. Sai Kawu ya fara dariya.

Yaya ya ce, "Auta, ba kai ne ka ce ka ga kifi a kogin Wudil ya haɗiye akuya da igiyarta ba?"

Na ce, "Wannan hira ce."

"Ba kai ka ce min rigata ta Sallah an gama saura maɓalli, na zo na tarar ko yanka yadin ba a yi ba?"

"Wannan sana'a ce. Wallahi, Yaya, Gwaggo ta faɗa."

Kawu ya ce, "Ɗan nan, wallahinka ta sha wanki har ta koɗe."

Yaya bai yi dariya ba, shi. Ya ce a hankali, "Tana raye ta hana ni in saka mata. Yanzu ta mutu kai ma za ka hana ni? Wannan bijimin shi ne duk naman da ta ba mu."

Na duba cikin aljihun rantsuwata na ga duk na kashe su a kan kifi da maɓalli. Abu ɗaya ya rage min da mutanen nan suka san ba na wasa da shi. Na ce, "To ku ji. Daga yau har ranar arba'in, duk wanda ya gan ni da nama a baki, ko romonsa, ƙarya na yi wa Gwaggo, a yanka bijimi a ba ni kan in ɗauka a ka in zaga unguwa. In ba a gan ni ba, a bar mata maganarta."

Kawu ya ce, "Ku gaya wa mahauci ya wasa wuƙa, jibi ma ya isa."

Yaya ya ce ya yarda.

Jama'a, na sha wuya. Duk Gyaɗi-Gyaɗi ta zama 'yan sandan ciki. 'Yan acaɓa na leƙa ledata, matan maƙwabta na shinshina tukunyar mai ɗakina. Na daina bin titinmu da yamma, nake zagayawa ta bayan layi, amma hayaƙin tsire ya san gidanmu, biyo ni yake yana sallama. Na je sunan ɗan abokina aka ajiye min kan rago a gabana, idonsa na kallona nawa na kallonsa, na tashi na ce ana kirana a shago. Mai ɗakina ta zage, duk abin da ta koya a wurin Gwaggo ta fito da shi: yau dambun zogale, gobe faten wake da alayyafo, jibi ɗanwake da ƙwai, gata miyar gyaɗa da kabewa, da safe kunun gyaɗa da alale. Makon farko ci nake ina jin kamar an aiko ni kiwo.

Sai jikina ya fara ba ni kunya. Barcin da nake yi a kan keken ɗinki bayan azahar, wanda ya sa na taɓa haɗe wa wani alhaji hannun riga da aljihu, ya ɗauke. Zaman da nake yi a bayan gida har a fara tunanin aiko min da abinci can, ya zama shiga da fita. Na sa tef na auna cikina, na zargi tef ɗin. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce jinin ya ɗan sauka, amma kada in kuskura in ajiye ƙwayata. Abin da ban shirya masa ba shi ne, duk lomar kwaɗon da na kai baki hannun Gwaggo nake ji. Ban yi kukanta a makabarta ba, ina ta karɓar mutane. A kan kwanon rama na yi shi, mai ɗakina ta ɗauka yaji ne.

Mai tsire ne ya kashe maganar ba da niyya ba. Da ya ga shiru, ya biyo ni shago da hanta da kitse a takarda, kyauta, da zafinsu. Na ce ya ɗauke don girman Allah. Bawan Allah bai zame ko'ina ba sai Hotoro. Ya ce da Yaya, "Alhaji, ku gaya min gaskiya, wane ciwo ne da Auta kuke ɓoyewa? Mutumin da ya taɓa cinye min tire yana jiran a gasa masa nasa, yau na kai masa hanta kyauta ya juya baya yana hawaye. In asibiti ne a kai shi tun da wuri."

Washegari Yaya ya shigo shagona shi kaɗai, ba direba, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Idonsa na kan ƙyallayen ƙasa ya ce:

"Da gaske ta faɗa."

"Ta faɗa, Yaya."

"Me ya sa ba ta gaya min ba?"

"Ta ce za ka yi kuka."

Ya kuwa yi. Na tashi na sakaya ƙofar shago. Da ya lafa ya ce, "Duk shekarun nan ina cewa saboda mu ta bari. Ashe ba ta so ne kawai."

Na ce, "Naman ne ba ta so. Amma tafiya Tarauni da kumburarriyar gwiwa ta yi wa wasu girki, wannan saboda mu ne. Shi kuma ba bijimin da zai biya."

Ya share fuska ya ce, "Kai yanzu ka fara magana kamar mutum." Sannan ya dubi rataye ya ce, "Ina rigata?" Na ce saura maɓalli.

Ranar arba'in matar ɗan acaɓan nan ce ta ja ragamar girki, matan unguwa suka cika tsakar gida suna zagaye bijimi da tukwane. Mai kayan miya ya turo kura guda cike da kaya ya ce kada a tambaye shi komai. An yi kwaɗon zogale da na rama, dambu, ɗanwake, shinkafa da wake da man gyaɗa da yaji, tuwon dawa miyar kuɓewa ɗanya, awara har tudu, ga fura da nono, ga zoɓo. Liman ya yi addu'a, ya faɗi wasiyyar a gaban kowa, ya ce shi shaida ne cewa marigayiya ba ta taɓa haramta halal ba.

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Manyan Yaya sun zo da motocinsu, na ga wani yana haƙa tuwo da yatsa har ƙasan kwano yana neman abin da aka binne masa. Wani ya ci awara ya tambayi wane ɓangare ne na sa, aka gaya masa waken suya ne, ya ajiye sauran kamar an zage shi. Wasu sun tashi da wuri. A bayana na ji ana cewa, "Ashe Alhaji ya fara karyewa. Ga sa a ɗaure ya kasa yankawa." Yaya ya ji, don kusa da ni yake. Bai juya ba. Ya naɗe hannun babbar riga ya ci gaba da miƙa kwanuka da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da ya sayi mota. Tsohuwar nan mai cewa rashin nama ne ya kashe Gwaggo ta ci kwaɗo har ta nemi a ƙulle mata na tafiya. Kuma a duk wunin, ko'ina ka juya, masu yabo da masu ƙorafi, zancen Gwaggo ake yi.

Na gaji, gajiyar da ban san iyakarta ba. An kwashe rumfa, an mayar da tabarmin aro, ɗakinta na kulle. Mai tsire ya dawo da takardarsa washegari, na ce ya kawo min na kaza. Ni yanzu ina sahun farko a lissafin Gwaggo, masu yaudarar kansu, amma ko ita ta san daga inda na taso.

Bijimin yana nan. Yaya ya kasa sayar da shi, ya kasa ɗauke shi, ya ce a bari sai Layya a gani. Ya cinye ramar gindin katanga, ya share yakuwa, ya aske zogalen har inda wuyansa ya kai, baƙon lalon ma bai bar shi ba. Kullum da la'asar in na taso daga shago ni ke kai masa dusa da ruwa, in same shi kwance a bakin ƙofarta, daidai inda take shimfiɗa tabarma, yana tuƙa a natse ba ya neman komai a wurin kowa. Nakan ɗauko kwanona in zauna kusa da shi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya sa lambun da ta tarar ya fi wanda ta bari. Mu biyun da ta tsare wa wuya, da ni da bijimin, muna nan a ƙofar ɗakinta muna tauna ganye.